Gida a bayan Garwa, hanyar Pitowa: takardar jauro (mai unguwa) ta isa mu biya kuɗi?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maiɗakina da yara biyu muna haya a Garwa ta Kamaru, mun ɗan tara abin da ya sawwaƙa. Dillali ya nuna mana gida a bayan gari, ta hanyar Pitowa: ɗaki uku da falo, fili murabba'in mita 400, akwai rijiya, an ja wuta. Suna neman sefa miliyan 9. Mai sayarwa ya ce gadon mahaifinsu ne, takardar da ke hannunsa kuma ta jauro ce da shaidu uku. Ya ce babban filin yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, da sunan marigayin. Dillali yana cewa mu ba da rabi a makon nan don akwai wani mai so. Ta ina za mu fara?

Kawu Sale:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka fitar da ko dala tukuna. "Akwai wani mai so" tsohuwar waƙar dillalai ce.

A dokar filaye ta Kamaru ta 6 ga Yulin 1974, titir fonsiye ne kaɗai shaidar mallaka, kuma cinikin fili mai titir dole ya bi ta hannun noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar da shi, in ba haka ba ɓatacce ne a idon kotu. Takardar jauro tana da amfaninta, don tana nuna unguwa ta san da cinikin, amma ba ta sa fili ya zama naka.

Fara da karɓar lambar titir ɗin. Ka je ofishin ajiyar takardun filaye na gundumar Binuwai, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar filaye (MINDCAF), ka nemi takardar da ake kira satifika de propriyete, sabuwa, ba wadda mai sayarwa ya ajiye tun bara ba. Ita za ta nuna maka sunan wa ke kan filin yau, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai ƙarar da aka rataya masa. Da ƙafarka za ka je. Kwafin da dillali ya miƙo maka ba hujja ba ne.

Inda na fi jin tsoro shi ne maganar gado. Titir yana sunan mamaci, ke nan wanda ke gabanka ɗaya ne cikin magada. Sai ya kawo hukuncin gado daga kotu mai ɗauke da sunayen magada duka, kuma kowa ya sa hannu a gaban noter ko ya ba da wakilci a rubuce. Rabon da malamai suka yi a zaure daidai ne a addini, amma ofishin filaye ba ya aiki da shi sai kotu ta tabbatar. Rikicin da ya fi yawa daga nan yake tasowa: ƙanwa da ke aure a Ngawundare ko ɗan wata matar da ba a tuntuɓa ba ya bayyana bayan shekara biyar ya ce bai sayar da rabonsa ba.

Sannan mita 400 ɗinka yanki ne na babban fili, don haka sai an yi mosalma, wato yanka. Jiyometir na kadastar, wato mai awon filaye na gwamnati, ya zo ya auna, a kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta, a zana taswira, noter ya rubuta cinikin, a biya harajin rajista, kana a fitar da sabon titir da sunanka. Ka sa noter ya lissafa maka harajin da ladansa da kuɗin awo a rubuce tun kafin ku daidaita farashi, don a kan miliyan 9 ɗin za su hau, kuma ba ƙananan kuɗi ba ne. Kuɗin gidan ma a ofishinsa za ka ajiye.

In kuwa ya bayyana babu titir ɗin sam, filin na ƙasa ne, mai sayarwa ba shi da ikon sayar da shi. Rajista kai tsaye ta waɗanda suka zauna ko suka noma wurin kafin 5 ga Agustan 1974 ce. Kai sai dai ka nemi izinin riƙo na wucin gadi, wanda ba ya wuce shekara 5, hanya ce mai tsawo.

Injiniya Bello:
Kawu ya gama da takarda, bari in taɓa ginin. Ɗan'uwa, a wane wata ka ga gidan? In da rani ne, ba ka gan shi ba. Ƙasar da ke kusa da kogin Binuwai akwai kwari da yawa, kuma a 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo an ga ɓarna sosai a yankin. Ka koma a Agusta bayan ruwa mai ƙarfi. In ba za ka iya jira ba, duba gindin katangun maƙwabta, ruwa yana barin layi a jiki. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kaɗai, to ana ɓoye wani abu. Tambayi masu babur ko suna shiga layin da damina, su ba sa ɓoye gaskiya a kan hanya.

Ka kuma dubi ƙasar. In baƙar laka ce mai tsagewa da rani, irin karal da ake shuka muskuwari (dawar rani), tana kumbura da ruwa ta motse da zafi, ta riƙa ɗaga harsashi tana saukewa. Alamarta tsaga mai tafiya a karkace kamar matakala daga kusurwar taga ko ƙofa. Tsagar filasta siririya kamar gashi ba komai ba ce. Wadda kwabo zai shiga, ko ta ratsa ciki da waje, ta harsashi ce, kuma shafa siminti ba ya maganinta. Ka sa magini ya tona rami a gefe ɗaya ka ga zurfin harsashin, ka ga ko akwai ɗamarar kankare da rodi a ƙasa da kuma saman tagogi.

Karci bulon da ƙusa a inda ba a yi filasta ba. Buhun siminti mai kilo 50 ya kamata ya ba da bulo mai kaurin santimita 15 kamar guda 30 zuwa 35; masu ginin sayarwa sukan ja shi har 50, shi ya sa yake zuba kamar gari. Hau cikin silin da tocila, soki katako da sukundireba saboda gara, ka duba ko an ɗaure katakon rufi da rodi a jikin ɗamara. Iskar farkon damina kwanon da aka dogara da ƙusa kaɗai take yayewa.

Hajiya Mairo:
Ƙanena, ku auna tazarar rijiya da masai, naku da na maƙwabta. In ba ta kai mita 30 ba, ruwan na wanki ne, ba na sha ba. Ku tambaya ko tana ƙafewa a Afrilu, don in bututun kamfanin ruwa Camwater bai iso ba, kuɗin mai kura kullum zai zama wata hayar. Mitar wuta kuma ku ga rasit na ƙarshe, a mayar da ita sunanku. Wasu gidajen daga maƙwabci aka jawo wayar.

Ku lissafa kuɗin babur zuwa aiki da makaranta sau 26 a wata. Ka tafi da maiɗakinka ta ga wurin da dare, ita ce mai yini a ciki. In ta sa kuɗinta, a rubuta sunanta a cinikin.

Baban Yusra:
Allah ya saka da alheri. Kawu, in ya ƙi zuwa wajen noter ya ce a rage mana miliyan ɗaya mu yi a gaban jauro fa?

Kawu Sale:
Sai ka bar masa gidansa. Kafin nan ma ka biya ta ofishin magajin gari ka nemi satifika d'irbanisim, ita ke nuna ko an ware wurin don hanya ko an hana gini a kai. Ka tambayi mai sayarwar izinin ginin gidan kuma, da lambar titir ɗin yau ɗin nan.