Kuɗin kuran na cinye mini riba, in sayi pano ne?

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shago kusa da kasuwar Dole nan Damagaram, ina sayar da ƙanƙara da ruwan leda da lemu. Kwanjilato biyu gare ni, da firigo mai gilashi, da fanka. Tun shigowar bazara takardar kuran ta kusan ninkawa, in an ɗauke wuta kuma sai gurup da esansi. Ƙanena ya dage in sayi pano, wato farantin sola, da batir. Masu sani, ina mafita?

Mai gyaran firigo daga Zango: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka fidda ko dala tukuna. Da farko kashe komi na shagon ka duba kwantar. In tana tafiya, ko waya na zubar da wuta ko wani ya jona a layinka. Sannan kwanjilato. Saka takarda a bakin murfi ka rufe ka ja. In ta zare ba gardama, robar ta mutu, injin yana ta aiki dare da rana ba hutu. Leƙa bayansu kuma. Ƙurar hunturu tana nan danƙare kan ƙarafunan da ke fidda zafi, ni kusan duk shagon da na shiga haka nake tararwa. A share, a janye su daga bango kamar taƙi guda, kar rana ta taɓa su. Ƙanƙarar da ta yi kauri a jikin bango ma a narkar da ita, tare sanyi take yi. Shi ko firigo mai gilashin nan, ya fi kwanjilato ci, don duk buɗewa sanyin zubowa yake ƙasa.

Wata hajiya mai yawur a Birni: Gaskiya ne malam. Ni yaran shago ne matsalata, buɗe-rufe ba iyaka. Na sayi kula, da safe a cika ta da kayan sayarwa, kwanjilato ya zauna rufe.

Wani ɗalibin jami'a: Baba, ga lissafin: abu mai wat 100 in ya yi awa 10 ya ci kilowat-awa 1. Ampul LED mai wat 9 na ba da hasken tsohon mai wat 60. Amma ni ina bayan pano. Wutarmu daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agustan 2023.

Mai haɗa sola: Yaro ya yi gaskiya, sai dai batir ne ke kashe kuɗi, kuma zafinmu na sama da digiri 40 yana saurin cinye batir na ruwa. Mai ƙanƙara ba ya buƙatar batir da yawa: daskarar da kaya da rana lokacin da pano ke bayarwa, da dare ƙanƙarar ta riƙe kanta. A kula, injin kwanjilato na fizgar wuta ninki-ninki wajen tashi, ƙaramin ondiler, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ba ya ɗauka. Pano kuma sai ana goge masa ƙura.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada takardar yanzu, murfin babban kwanjilaton bai riƙe ta ba. Malam na Zango, roba kaɗai ake canzawa ko duka murfin?

Mai gyaran firigo: Roba kaɗai. Auno tsawo da faɗin murfin. Bayan an sa, ka riƙa rubuta lambar kwantar kullum da safe har mako guda. Da wannan lambar mai sola zai san pano nawa za ka buƙata.