Wa zai ba ni Hausar "récif corallien" kafin la'asar?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Shirinmu na muhalli zai fita bayan la'asar, Hausar abu biyu ta tsaya mini: abin nan na cikin teku da ake ce wa récif corallien da Faransanci, da ƙasar da ruwan sama ke kwasowa daga tudu ya zuba a teku. Labarin Ostireliya ne. Kogin Burdekin na kwaso laka daga makiyayar da shanu suka cinye ƙarƙaf, yana kai ta kan récif corallien ɗin tekunsu mai tsawon kilomita 2,300.

Ɗan Zango: Dutsen murjani mana.

Malamar Kimiyya: Dutse zai ɓatar da mai sauraro, abin nan rai gare shi. Ƙananan halittu ne ke gina shi, a jikinsu akwai ɗan tsiro mai ciyar da su, shi kuma sai da hasken rana. Laka ta dagula ruwa, haske ya yanke, ta kwanta musu a ka, su shaƙe. In sun mutu kifi ya watse, igiyar ruwa ta rasa inda za ta karye, ta iso gidajen masunta da ƙarfinta. Ni "gandun murjani" nake ce wa ɗalibai.

Dattijon Birni: 'Yata, murjani na cikin Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, shi ne jan tsakiyar da iyayenmu mata ke ratayawa. Daga Bahar Rum ake samo shi, kuma ba ya gina komai da ke kare gari. Ku ce "ganuwar teku". Duk wanda ya tashi a Birni ya san aikin ganuwa.

Ɗan Zango: Baba, 'yan Kano murjani za su fi ganewa.

Dattijon Birni: Sai Kano ta yi magana Damagaram za ta buɗe baki? Hausarmu ba aro muka yi ba.

Malamar Kimiyya: Allah ya huci zuciyarku, Baba. Amma "ganuwar teku" kowa zai ɗauka siminti ne mutane suka gina.

Dattijon Birni: To a yi musu bayani. Ba aikin rediyo ke nan ba?

Mai Fassara: Jama'a, lakar fa?

Manomin Gidimuni: Wannan ba baƙo ba ne. Ku zo ku ga yadda rairayi ke cike tafkinmu duk damina. Zaizaya ce a tudu, in ta sauko kuma kwararar laka. Maganin ma a tudu yake: ramukan rabin wata, jerin duwatsu, a toshe bakin kwazazzabo, a bar ciyawa ta kama kafin a sako dabbobi. Ku faɗa wa masu sauraro haka, za su gane tekun da ba su taɓa gani ba.

Mai Fassara: Kwararar laka ta zauna. Ɗayan kuma zan ce "ganuwar murjani", in ƙara da cewa halitta ce mai rai.

Dattijon Birni: Murjanin nan bai kwanta mini ba. Yau dai na bari, tunda ganuwa ta shiga.

Malamar Kimiyya: A aji ina nan kan gandu.