Aikin amsa kira na kamfanin Amurka: in karɓa ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama bautar ƙasa, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Yanzu an kira ni aiki a Abuja, wurin da ake amsa kiran kwastomomin wani kamfani na Amurka. Albashin ya fi na koyarwa nesa ba kusa ba, amma daga ƙarfe 3 na rana ne zuwa 11 na dare. Baba ya ce 'ya mace ba ta dawowa gida tsakar dare. Wallahi na rasa abin yi.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara biyu na yi a irin aikin nan. Lokacin ba zalunci ba ne: New York na bayanmu da awa 5 ko 6, safiyarsu ce azaharmu. Abin da ba a gaya miki shi ne gajiyar kunne. Awa takwas abin sauraro na manne a kanki, wani ya zazzaga miki masifa a kan kuɗin da ba ke kika cire ba, ki ba shi haƙuri da murmushi. Da azumi a gaban kwamfuta nake buɗa baki da dabino. Kafin ki sa hannu, tambayi hutun magariba da isha'i, da motar mayar da ma'aikata gida.

Maman Ilham: Ni dai na ce ki karɓa. Dubi Filifin. Wajen 2010 suka wuce Indiya a harkar amsa kira, yau sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ke ci daga wannan sana'a, har dokarsu ta tilasta ƙarin kashi 10 ga mai aikin dare. Kamfanonin arha suke bi, su karɓi dala su biya ki naira, gaskiya ne. Amma nairar ma ina take a Kaduna?

Malam Habu: A yi hattara. Kwangila ce, ran da suka samu inda ya fi arha, ko kwamfuta ta iya amsa ƙananan tambayoyi, sai su tattara. Kuma kada ki tsallake maganar mahaifinki.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na kira su ɗazu, sun ce akwai masu hulɗa da Ingila, waɗanda ke tashi kafin isha'i. Gobe zan roƙi Kawu ya raka ni wajen Baba da wannan maganar.