Wa ya fi iya fitowa a matsayin Sherlock Holmes, mai binciken laifuka na labaran Turawa?

Tambaya: 'Yan uwa, ina son kallon finafinan Sherlock Holmes, da wane jarumi zan fara, Basil Rathbone ko Jeremy Brett?

Amsa: Malam, fara da Brett. Gidan talabijin na Granada da ke Birtaniya ya yi shiri 41 da shi daga 1984 zuwa 1994, kuma galibinsu sun bi rubutun Conan Doyle, marubucin labaran Holmes, sau da ƙafa. Na farko-farko sun fi armashi. Daga baya ciwon zuciya ya taɓa Brett, jikinsa ya kumbura, kuzarinsa ya ragu.

Amsa: Rathbone ya yi fim 14 daga 1939 zuwa 1946, muryarsa ba ta da na biyu. Illar ita ce sha biyu an maido su zamanin Yaƙin Duniya na Biyu maimakon zamanin da ke cikin littattafan, sannan Nigel Bruce, wanda ya fito a matsayin Watson abokin Holmes, ya mai da shi dolo, alhali likita ne mai basira.

Amsa: Gaskiya ne. Brett ɗin dai.