Wayar girke a binciken jin ra'ayi a Amurka: ina matsalar take?

Ɗalibar Ƙididdiga: Assalamu alaikum malamai. Ana cewa a Amurka zaɓo mutane ta lambobin wayar girke kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu yanzu. Mutane ne ba sa ɗauka, ko tsarin zaɓo lambobin ne ya lalace?

Mai Alƙaluma: Wa alaikumus salam. Duka biyun ne, amma ki fara da tsarin. Ana kasa lambobi ɗari-ɗari, waɗanda alƙaluma biyun ƙarshe kaɗai suka bambanta su, daga 00 zuwa 99. Duk rukunin da aka samu ko lambar gida ɗaya a kundin waya, sai kwamfuta ta yi ƙuri'a a cikinsa. A da gidaje sun cika rukunan. Yanzu galibi layin da aka yanke ne, ko na ofis, ko na faks. Ana tace su da na'ura kafin kira, sai dai tacewar takan haɗa da gidajen gaske. Wasu masu wayar intanet ta kamfanonin kebul kuma lambobinsu na cikin rukunan da babu su a kundin, ƙuri'a ba ta isa gare su sam.

Malama Mai Bincike: Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ɗaukar wayar ta fi damuna. A binciken cibiyar Pew, masu amsawa kashi 36 cikin ɗari ne a 1997, kashi 9 a 2012, kashi 6 a 2018. Sannan alƙaluman hukumar lafiya ta CDC na rabin ƙarshe na 2016 sun nuna fiye da rabin gidajen ƙasar salula kawai gare su. Waɗanda suka rage da girke yawanci dattawa ne masu gidan kansu. In matashi ɗaya ya faɗo a samfurin, wato mutanen da aka zaɓo, dole a ninka nauyin amsarsa don ya wakilci matasan da ba a samu ba, kuskure ya ƙaru.

Ɗalibar Ƙididdiga: To Malama, mece ce mafita?

Malama Mai Bincike: Haɗa girke da salula, kamar yadda binciken lafiya na BRFSS ya fara a 2011. Akwai tsada, don wata dokar ƙasar ta 1991 ta hana kiran salula da na'ura ba da izini ba, sai ma'aikaci ya danna da hannu. Ki tambayi kowa irin layukan da yake da su, domin mai layi biyu damarsa ta faɗowa ta fi, sai an rage nauyinsa. Tun 2003 kuma ana iya mayar da lambar girke kan salula, don haka a cire irinsu daga jerin lambobin girke kafin kira. Masu bincike da yawa yanzu sun koma zaɓo gidaje daga jerin adireshin gidan waya, su aika wasiƙa a amsa ta intanet.