'Yata ba ta ji sosai, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawararku nake nema don Allah. 'Yata watanta 4. Bayan haihuwa aka gwada jinta aka ce mu dawo, da muka koma aka yi mata gwajin ABR, wanda ake manna wayoyi a kanta tana barci. Aka ce jinta ya yi ƙasa ƙwarai a kunnuwan biyu, sai an sa mata na'urar ji. Abin da ya ɗaure min kai, tana gwaranci, tana dariya, in na shigo ɗaki ma takan waigo. Babanta ya ce mu bari ta shekara mu gani. Wasu kuma sun ce in na soma mata maganar hannu ba za ta buɗe baki ba. Ni dare ya yi, ba barci, sai tunanin ko wani abu na yi da cikinta.

Wata mai aikin gwajin ji: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Gwarancin nan shi ke yaudarar iyaye da yawa. Jaririn da ba ya ji shi ma yana yinsa a watannin farko. Sai wajen wata 6 zuwa 10, lokacin da sa'o'insa ke "ba-ba-ba, da-da-da", ake jin nasa ya makara. Waigowar kuma inuwarki ta gani, ko takunki ya girgiza inda take kwance. Ki lallashi babanta, kada a jira shekara. Ƙa'idar da muke bi ita ce 1-3-6: gwaji kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6. Binciken Christine Yoshinaga-Itano a Amurka, a 1998, ya nuna yaran da aka gano kafin wata 6 sun fi waɗanda aka makara da su iya harshe nesa ba kusa ba. Ke kina kan lokaci. Zargin kai kuma ki ajiye shi. Kusan rabin irin wannan daga ƙwayoyin gado ne, ko da babu kurma a dangi, kuma fiye da 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Sauran dalilan akwai wata ƙwayar cuta mai suna CMV da uwa kan kamu da ita a lokacin ciki, ciwon shawara mai tsanani, haihuwar bakwaini da sanƙarau.

Wata uwa: Na bi ta hanyar nan da ɗana, na san kukan daren da kike faɗa. Na'urar ta zauna a kunne muddin 'yarki idonta biyu. Za ta fizge sau ba adadi, ki mayar, ki sa mata hula marar kauri mai igiya. In kin ji na'urar na fito, yawanci robar da ke shiga kunne ce ta yi mata kaɗan, don kunnen jariri saurin girma gare shi. A sake auna mata. Batirin kuma ki ɓoye shi, haɗiyarsa na iya kisa.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne kusanci. Ki kashe rediyo da talabijin, ki sa fuskarki dab da tata, haske yana kanki. Duk abin da hannunki ke yi bakinki ya faɗa: ga ruwa, ruwa da ɗumi, a wanke ƙafa. In ta yi sauti ki maimaita mata, sannan ki yi shiru ki jira nata. Jiran nan na daɗe ban iya shi ba, amma a nan hirar take.

Wani kurma, uban yara: Baiwar Allah, ni sai da na shiga makaranta na samu harshe. Shekarun baya ina ganin bakuna na motsi, ban san ko sunana ba. Kada ki bari 'yarki ta ɗanɗana wannan. Maganar hannu ba ta ɗaure baki. Yaron da ya san kowane abu da sunansa ya fi saurin kama sunan da murya. Jariran da ake yi wa maganar hannu har gwaranci suke yi da hannuwa. Ki fara da nono, barci, mama, ƙari, kina faɗa kina nunawa. Ki nemi kurame manya su koya muku, har da babanta.

Mai aikin gwajin ji: Na manta: in na'urar ba ta wadatar ba, akwai wadda ake dasawa can cikin kunne ta tiyata, galibi wajen shekara 1. Sai an fara gwada na'urar waje kafin a yanke shawarar dasawa.

Mai tambaya: Allah Ya saka muku da alheri. Na nuna wa babanta, ya daɗe shiru, ya ce gobe mu je a auna mata robar. Malam, don Allah yaya ake nuna "nono" da hannu? Yau nake so in fara.