Shawarwarin da Suka Fito Daga Karatun Littafin Soyayya na Lokacin Yaƙin Basasa

Littafin da ke yawo hannu zuwa hannu a tsakaninmu labari ne na sojan Arewa da wata 'yar Ibo a lokacin Yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970. Da aka zauna a kansa, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a san tarihin tukuna. Wanda bai san kashe-kashen 1966 ba, lokacin da Ibo suka yi ta barin Sabon Garin Kano da Kaduna zuwa Gabas, ba zai gane tsoron yarinyar ba. Sai ya ɗauka jan aji ne kawai. Wata ta ce a tambayi kakanni, musamman tsoffin sojojin da suka yi yaƙi a Asaba da Onitsha ƙarƙashin Murtala Muhammed. Na yarda da ita, sai dai a bi su a hankali, don ba kowane dattijo ke son tono wannan ba.

Kan yadda marubucin ya sassauta maganar yunwar Biyafara, an rabu biyu, kuma ba a daidaita ba.

Sauran shawarwarin kuwa kan aron littafin ne: a sa masa bango, kada a naɗe shafi, kada ya wuce mako a hannun mutum, kuma wanda ya gama ya riƙe bakinsa game da ƙarshe.